Jimƙin Shinkafa a Shekarar Ɓeraye

A ƙauyenmu, Thingphul, mace ba ta ɗora tukunya sai ta cire jimƙin Ubangiji. Za ki auno shinkafar gidan, ki sa hannu ki jimƙo, ki zuba a gwangwanin da ke gefen murhu, sannan ki wanke saura. Safe da yamma haka ne. Ranar Asabar matan zumunta su zagaya gidaje da kwanduna, a tara a ɗakin ajiyar majami'a, a sayar, kuɗin ya tafi aikin bishara.

Ni da Pi Kapthuami muke zagaya unguwar gangare (a wajenmu Pi ake ce wa babbar mace don girmamawa, Pu kuma babban namiji). Ta girme ni nesa ba kusa ba, gajeruwa ce, bakinta kullum ja saboda taunar goron kuhva, harshenta kuma ya fi wuƙa. Idan ta leƙa gwangwani ta ga da ƙaranci sai ta ce, "Ke wannan hannun naki na jariri ne?" Matar gidan ta yi dariya ta ƙara. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarsu ɗaya ce tak, Biakveli, wadda muke kira Veli.

Veli ma'aikaciyar jinya ce. Hedikwatar ikilisiya da ke Aizawl, babban birnin jiharmu, ta tura ta Madagaska, can kudancin tsibirin inda ruwan sama kan yi shekara bai sauka ba. Albashinta daga Aizawl yake zuwa. Amma da ta isa sai ta tarar yaran da ake kawo mata ba magani suke nema ba, abinci ne. Ta fara dama musu kunun masara da kuɗin aljihunta, har aljihun ya gaza. Da labarin ya iso mana, ikilisiyarmu ta tsaya gaban Allah ta yi alkawari cewa duk shinkafar da muka jimƙa, ta kunun yaran nan ce. Veli ta aiko da hotuna aka liƙa a bangon majami'a, yara a jere kowa da kofinsa. Tsofaffinmu da ba su taɓa ganin teku ba suka haddace sunayensu, suna kiransu a addu'a da karyayyen harshe.

Shekara uku muna haka, sai gora ta yi fure.

Tsofaffi sun ga irinta suna yara, don haka ranar da aka ga furen a dajin gabas babu wanda ya yi raha a shagon shayi. Gora ta yi 'ya'ya, ɓeraye suka ci suka hayayyafa, 'ya'yan gora suka ƙare daidai lokacin da shinkafa ta fara nuna a gonakin tudu. Sai suka gangaro. Mun sa tarko, mun sa guba, mun kewaye gonaki da shinge. Gwamnati tana sayen wutsiyar ɓera, maza suna kai su cikin buhu. Duk a banza. Gonar da muka saba cika rumbu da ita, abin da na kwaso bai cika kwando biyu ba.

Shinkafar tallafi takan zo daga gari, amma damina ta zaftare hanya, motar takan yi makonni ba ta iso ba. Muka koma haƙar doyar daji da dafa zuciyar itacen ayaba. Mutanenmu kuwa ba sa cewa suna jin yunwa. Ki shiga gida ki tambaya, a ce miki yanzun nan aka ci aka ƙoshi, alhali murhun ya yi sanyi tun jiya.

Duk da haka ba mu fasa zagaye ba. Wata Asabar muka isa gidan Pu Lianzama, mai 'ya'ya biyar, matarsa Mawii kuma tana da tsohon ciki. Mawii ta miƙo gwangwani a ɓoye ta bayan ƙofa, sai ga shi ya fito daga bayan gida da adda a hannu.

"Mayar da shi," ya ce da matarsa. Sannan ya juyo. "Maman Veli, ba ku da ido ne? Ɓeraye sun ci na gona, ku kuma kun biyo na tukunya?"

"Ɓera ka ce da ni, Lianzama? Ni da na goya ka?"

"Ban ce ba. Amma ki dubi wuyan yaran nan. Namu kunun waye zai dama? Ko sai mun ɗauke su hoto mun liƙa a bango?"

"Ba a tilasta wa kowa," in ji Pi Kapthuami.

"Ba a tilastawa? Ku tsaya a ƙofar mutum da kwando, maƙwabta suna kallo, ki ce ba tilas? Da 'yar wani ce a can, da tuni an daina."

Pi Kapthuami ta gyara igiyar kwandonta a goshi, muka gangara.

Gida na ƙarshe na Pi Chawngi ne, tsohuwa mai zaman kanta tun da ɗanta ya tafi aikin soja bai dawo ba. Gwangwaninta a cike yake har baki, kamar shekarar albarka.

Na ce, "Pi, wannan ya yi yawa. Ki rage."

"Ke Pari, naki ne? Na Fanja ne, 'yar nan mai giɓi da ke gefen hoto. Na ga ta fi sauran ramewa."

"To ke me kike ci?"

"Haƙori nawa ya rage min da zan ci? Tsohuwa ai ruwan shayi ya ishe ta. Zuba, ki ba ni gwangwanina, kada ki tafi da shi yadda kika yi da ludayina."

Muka yi dariya, muka juye.

Pu Lianzama bai bar maganar a ƙofar gidansa ba. Ranar Lahadi bayan sujada ya miƙe ya roƙi a riƙa raba shinkafar a gari har kaka ta zagayo. Wasu suka gyaɗa kai, amma ba su tashi ba. Upa Zakhuma, babban dattijon ikilisiyarmu, mutum ne mai sanyin murya da ba ya zaluntar kowa. Shi ma ɓeraye sun gama da gonarsa. Ya ce, "Iyayenmu sun fara wannan jimƙi ne lokacin da ba su da ko takalmi. A waccan yunwar ta gora ma ba su daina ba. Abin da muka ba Ubangiji ya fita daga hannunmu. In muka karɓe shi yau saboda wuya, me za mu gaya wa yaran can? Mu ai muna da daji. Su ƙasarsu ko ganye babu."

"Upa, ka taɓa ba ɗan shekara biyu doyar daji?" in ji Pu Lianzama.

Aka yi addu'a, aka ɗaga hannu, masu cewa a ci gaba suka rinjaya. Ni ma na ɗaga. Pi Kapthuami ta naɗe hannuwanta a ƙirji, ba ta ɗaga wa kowane ɓangare ba.

Veli takan kira sau ɗaya a wata, ranar Asabar da la'asar, ta wayar shagon da ke bakin hanya. Nakan raka uwar don kunnenta ya fara nauyi, sai mai shago ya ƙara mana murya mu ji tare. A kiran watan nan muryar Veli a dashe take.

"Ka nu," ta ce, haka muke kiran uwa a harshenmu, "bana ma ruwan bai zo ba. Mutane suna cin 'ya'yan ƙaya da toka. Yaran sun ninka. Uwa takan taho da ɗa tun asuba a ƙafa saboda kofi ɗaya. Ki gaya wa zumuntar mata, wannan kunun shi ne kawai tsakaninsu da kabari." Sai ta ce, "Na ji a rediyo wai gora ta yi fure a wajenmu. Ya taɓa ku?"

Na buɗe baki, Pi Kapthuami ta take min ƙafa.

"Ɗan kaɗan ne, can gabas. Mu lafiya lau, har ƙiba nake yi. Ke dai ki riƙa cin abinci."

A hanyar gida na ce mata, "Pi, me ya sa?"

"In na gaya mata, me za ta yi da shi? Ta ɗora a kan wanda take ɗauke da shi?"

Bayan mako biyu, ranar zagaye, muka tarar da ƙofar Pi Chawngi a rufe da rana tsaka. Muka tura. Tana kwance a ƙasa kusa da murhu, gudawa ta gama da ita, a tukunyarta akwai doyar daji da ba ta jiƙu sosai ba. Irin wannan doyar sai ta kwana uku a ruwa mai gudu kafin dafinta ya fita, ita kuwa ba ta da ƙarfin gangarawa rafi. Gwangwanin yana wurinsa, cike da shinkafar tallafin da aka ba ta.

Samari suka ɗauke ta a kan gadon gora za su kai ta asibitin gari. Ba su kai inda hanya ta zaftare ba ta cika.

Ni da Pi Kapthuami muka yi mata wanka. Zanen da take naɗawa biyu-biyu ne ya ɓoye mana. Da muka kwance, babu komai sai ƙashi da fata. Pi Kapthuami ta ɗaga ta da hannu ɗaya don in zare tabarma, sai ta tsaya haka, tana riƙe da ita, ba ta ajiye ba.

"Pari, duk Asabar muna zuwa gidan nan."

"Muna zuwa."

"Gwangwanin muke dubawa."

A gidan makoki aka buga ganga ana waƙoƙin ta'aziyya kamar yadda aka saba. Wani ya tashi ya yabi marigayiya, ya ce ta yi kamar gwauruwar nan ta cikin Littafi da ta ba da duk abin da take da shi, ya kamata mu yi koyi da ita. Mutane suka ce amin. Pi Kapthuami ta tashi ta fita waje, na same ta a bayan gida tana tofar da kuhva.

Lahadin da ya biyo, ita ce ta miƙe bayan sujada. Mata ba su cika magana a irin wannan zama ba, amma babu wanda ya hana ta.

"Upa, ina roƙo a dakatar da aikawa. A ci gaba da jimƙa ga mai iko, amma a raba a nan. A fara da tsofaffi da masu ciki."

Upa Zakhuma ya dube ta da mamaki. "Maman Veli, kin san abin da wannan zai jawo a can?"

"Na fi kowa sani a ɗakin nan. Da kunnena na ji."

"Alkawarin fa?"

"Ni ban iya karatun Littafi kamarka ba. Abin da na sani, ni na juye abincin Chawngi a kwandona, ni kuma na wanke ta. Ba zan sake wanke wata ba. In zunubi ne, a rubuta shi a kaina."

Wata mata a baya ta ce, "To yaran?" Ta fashe da kuka, wasu suka taya ta. Upa ya ce shi har yanzu yana ganin kuskure ne, amma ba zai tsaya a gaban ikilisiya ba. Aka ɗaga hannu. Wannan karon masu cewa a dakatar suka rinjaya, ba da yawa ba. Pu Lianzama ya samu abin da ya nema, amma ban ga farin ciki a fuskarsa ba. Upa ya ce zai rubuta wa Aizawl ko za a samu wata ikilisiya ta karɓa. Kowa ya san rabin ƙasar ɓeraye ne suka cinye, kowace ikilisiya da nata kukan.

Aka ce fasto ya sanar da Veli. Pi Kapthuami ta ce a'a, bakin da ya yi ƙaryar shi zai warware ta.

Ranar kiran ta sa zanenta na zuwa majami'a. Da wayar ta yi ƙara ta ɗauka, ba ta bari an gama gaisuwa ba, ta faɗi komai a jere: ɓeraye, gonaki, Chawngi, da zaman Lahadi. Ta ce, "Ni na kawo maganar. Kada ki zargi kowa."



"Pi Chawngi?" in ji Veli. "Mai ba ni mazarƙwaila?"

"Ita."

"Kika ce min kina ƙiba."

"Na ce."

"Da kin gaya min tun farko, da na nemi wata hanya tun da sauran lokaci. Da na rage kofin, da na rubuta wa mutane. Yanzu masarar da ke hannuna ba za ta kai ƙarshen wata ba." Muka ji tana jan numfashi. "Ka nu, su wa zan fara kora? Ki gaya min. Ƙanana ko manya? Gobe da safe za su zo su zauna a inda suka saba."

Pi Kapthuami ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Ba laifinki ba ne," in ji Veli daga baya, da wata murya irin wadda take yi wa marasa lafiya. "Ku ci abincinku. Ki gaishe da Upa." Ta ajiye.

Shinkafar da aka raba ba wata mai yawa ba ce, amma ta riƙe gidajen da suka fi galabaita har hanya ta buɗe. Mawii ta haihu lafiya, ɗan ƙarami ne amma ya rayu. Babu wanda ya sake mutuwa da yunwa a Thingphul. A can kuwa, Veli ta sayar da agogonta da rediyonta, ta ja kunun ya ƙara makonni, sannan tukunyar ta tsaya. Sai bayan wata biyar wata ƙungiyar agaji ta iso yankin da abinci. Veli ba ta daina kira duk wata ba. Takan tambayi ciwon gwiwar uwarta da yadda aladen gida yake, uwar ta tambaye ta ko tana barci. Maganar yara ba ta sake shiga wayar ba.

Da kaka ta zagayo muka samu amfani, ikilisiya ta koma aikawa ba tare da gardama ba. Pu Lianzama da kansa ya kawo buhu guda ban da jimƙin matarsa. Pi Kapthuami dai ta ajiye kwando, ta ce gwiwa. Aka haɗa ni da wata yarinya sabuwar aure, na koya mata cewa in ta shiga gida ta fara buɗe tukunya kafin ta dubi gwangwani, ko da matar gidan za ta zage ta.

Veli ta zo hutu a shekara ta gaba. Ta yi baƙi, ta rame, furfura ta fito mata a gaban goshi tun ba ta kai ba. Aka yanka alade, aka sa ta gaba a majami'a ta ba da labarin aiki. Ta gode wa zumuntar mata, ta yi maganar sabuwar rijiya da aka haƙa, ta koya mana wata waƙa da harshen mutanen can. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta tambayi Fanja mai giɓi. Veli ta ce iyayenta sun yi ƙaura zuwa arewa a lokacin farin, ba ta sake jin labarinsu ba. Ta wuce zuwa wata magana da sauri.

Wata guda ta yi a gida. Tana yi wa uwarta tausa a gwiwa, tana ɗebo mata ruwa, suna cin abinci a faranti ɗaya. Wanda bai san su ba zai ce babu komai. Ni da na san gidan, na lura ba sa faɗa. A da kuwa ba sa wuni ba su yi cacar baki a kan gishiri ko tsefe kai ba.

Ranar komawarta muka raka ta bakin hanya da hantsi. Direba yana ɗaure kaya a saman mota, mutane suna ta miƙo mata busasshen nama da barkono. Pi Kapthuami ta ja ta gefe, ni ina kusa riƙe da jakarta.

"Su nawa?"

"Ka nu, bari."

"Ina da hakkin in san yawan yaran da suka mutu. Su nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Ƙarya kike. Ke da tun kina yarinya kike ƙirga 'yan tsaki safe da yamma."

Veli ta dubi uwarta. Idonta ya ciko, amma ba ta kau da kai ba.

"E, ƙarya nake," ta ce. "Kuma ba zan gaya miki ba. Ke kin ɗauki Pi Chawngi, ni na ɗauki nawa. Ya isa haka."

Direba ya danna oda. Veli ta rungume ta, ta karɓi jakar daga hannuna ta shiga. Muka tsaya har motar ta sha kwanar dutse. Na ce mu biya ta gidana mu sha shayi. Pi Kapthuami ta ce ciyawa ta cinye mata gonar citta, in ba ta je yau ba gobe ruwa zai hana ta. Ta karɓi aron lauje a shagon, ta kama hanyar tudu a hankali tana dafa gwiwa.